Walƙiya ta Zango da Kasuwar da Ba Ta Zuwa Ta'aziyya

Akwai wani matashi a tsohon Zangon Kumasi, sunansa Kamil. Ɗa ne ga marigayi Alhaji Issaka, wani dillalin albasa da iyayensa suka sauko daga Nijar tun kafin a haife shi.

Alhaji Issaka bai bar wa ɗansa gidaje jere ba. Abin da albasa ta kawo, ƙwallo ta cinye. Shi ne ya tattara yaran layi masu buga ƙwallo ba takalmi a bayan masallaci, ya saya musu koren jesi, ya raɗa musu suna Walƙiya. Sannu a hankali Walƙiya ta yi ta hawa har ta shiga gasar rukuni na ɗaya. Ta zama ƙungiyar ƙwararru, da koci, da albashi, da motarta ta kanta.

To, ita wannan motar akwai magana a kanta.

Doguwar bas ce, tsohuwa, sai ta yi tari kafin ta tashi. Ranar wasa ta 'yan wasa ce. Ranar da ba wasa kuwa, ta Zango ce. In an yi rasuwa ba a ma tambaya. Direba zai kawo ta ƙofar gidan, ta kwashi dattawa da masu ciwon gwiwa zuwa maƙabartar Tafo. Su ma 'yan wasan dole su bi. Su ke karɓar makara in kafaɗar manya ta gaji, su ke riƙe shebur.

Wani koci ya taɓa yi wa Alhaji ƙorafi, wai ana ɓata masa atisaye. Alhaji ya ce masa, "Koci, mutumin da ka rufe uwarsa da hannunka ba ya gudunka don ka ɓarar da fenariti. Zai zage ka, wannan kam dole. Amma mako mai zuwa yana nan."

Shi ya sa filin Walƙiya bai taɓa zama fayau ba. Mahauta, direbobin motocin haya da ake kira trotro, teloli, 'yan gwanjo, kowa da koren ƙyallensa. Mata na da nasu ɓangaren, ƙarƙashin Hajiya Barkisu mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda bakinta ya fi barkononta zafi. Jagoran magoya baya gaba ɗaya kuwa wani makanike ne, Mutala, ƙaton mutum mai murya kamar hon ɗin tirela. Shi ke ɗaga waƙa, ganguna su amsa.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, sai Kamil ya baro aikinsa a wani kamfanin talla a Accra, ya dawo ya karɓi ƙungiyar. Aka fara kiransa Ciyaman.

Kada wani ya ɗauka mugu ne. Yaro ne mai kai, mai sallah, mai kishin sunan ubansa. Ciwonsa ɗaya ne: ya iya karanta kasuwa, bai iya karanta mutane ba.

Kafin a fara sabuwar kaka ya tara manyan magoya baya a ɗan ofishin ƙungiyar. Ya buɗe kwamfuta, ya nuna musu taswira.

Ya ce, "Kawu Mutala, mu faɗa wa juna gaskiya. Zango ƙaramar kasuwa ce. Jesin asali da muka kawo, wa ya saya? Kowa ya tafi wurin telansa a Aboabo an ɗinka masa nasa. A ƙofar fili kuwa, mutum ɗaya zai yanki tikiti ya shigo da ƙannensa da surukinsa da maƙwabcin surukinsa. Mai tsaron ƙofa ba ya iya hanawa, don duk wanda ya zo kawunsa ne."

Aka yi dariya, saboda gaskiya ce.

Ya ci gaba. Ya ce ya samo wani kamfanin lemo da zai ɗauki nauyin ƙungiyar. Sharaɗinsu shi ne a mai da wasannin gida wani babban gari can yamma, garin masu haƙar gwal, inda jama'a ke da yawa kuma aljihu ke da nauyi. Zuwa da dawowa sai mutum ya kashe wuni guda a hanya.

Dariya ta ɗauke.

Mutala ya sosa gemu ya ce, "Ɗan Alhaji, ita wannan babbar kasuwar taka, ta san sunan golanmu?"

"Za ta sani, Kawu."

"Ta iya waƙa?"

"Akwai lasifika a filin."

Mutala ya dube shi, ya dubi sauran. Ya ce, "Yoo. Allah ya sa a dace."

Mutanen Zango ba su ji daɗi ba, amma ba su yi tawaye ba. Wasu ma sun fara shawarar yadda za su riƙa haɗa mota su bi ƙungiyar. Aka yi wa tsohuwar bas gyara, aka fente ta, aka zana kwalbar lemo a jikinta tun daga gaba har baya. Ta yi kyau, ba ƙarya.

Ana cikin haka, wata safiya, mahaifiyar Mutala ta cika.

Sunanta Mma Rahamatu. Lokacin da 'yan Walƙiya suke yara, ita ke dama musu koko kafin su fita atisaye, ita ke dafa ruwan zafi ta gasa musu ƙafa in sun yi targaɗe. Shi kansa Kamil ta goya shi a bayanta.

Mutala ya buga waya ya ce, "Ciyaman, tsohuwa ta tafi. Bayan azahar za a kai ta."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, Kawu."

"Amin. A gaya wa direba."

Kamil ya ce, "Kawu, ka san yanzu akwai sunan kamfani a jikin motar. A yarjejeniya an ce ba ta fita wata hidima in ba ta ƙwallo ba. Kuma yau ɗin nan mutanensu za su zo ɗaukar yaran hoto."

"Hoto."

"Bari in sa a nemo muku motar haya, ni zan ji da..."

"Bar shi. Na gode." Ya kashe wayar.

Bayan azahar aka yi mata sallah. Tsofaffi suka cunkusa a keke napep ɗin unguwa da bayan motocin kaya, wasu suka taka da ƙafa iya inda ƙarfinsu ya kai. Hanyar kuma ta gaban ofishin ƙungiyar ta bi. Duk wanda ya wuce ya ga bas ɗin a tsaye tana walƙiya a rana, ga yaran da Mma Rahamatu ta yi wa koko sun jeru a jikinta, kowa riƙe da kwalba, ana ce musu su yi murmushi. Wasu cikinsu suka sunkuyar da kai.

Da yamma Kamil ya so ya gyara. Sai ya sa aka wallafa hotonta a shafin ƙungiyar, da baƙin zane kewaye, da addu'a a ƙasa. A kusurwar hoton kuma ga tambarin kamfanin lemo.

Jama'a, hoton mamaciya fa, da kwalbar lemo a gefenta. Wannan ko a ina aka yi karatun, ba a gama shi ba.

Da mutanen Zango sun zage shi, da ya huta. Ba wanda ya ce masa kanzil. Yana wucewa a gaishe shi, "Ciyaman, ina kwana," ya amsa. Amma maganar haɗa mota a bi ƙungiya ta mutu tun daga ranar. Ganguna suka koma ƙarƙashin gado.

Wasan farko a garin gwal ya cika. An kawo mawaƙi, an raba lemo kyauta, Kamil ya tsaya a sama yana ɗaukar jama'a da waya, zuciyarsa fari ƙal. Aka tashi kunnen doki. Wasa na gaba aka ci Walƙiya. Na bayansa ma haka.

Sai jama'a suka fara zamewa.

Ba laifinsu ba ne. Mutanen kirki ne, amma me ya haɗa su da Walƙiya? Suna da ƙungiyoyin da suka gada daga iyayensu, suna da na Turai a talabijin, a cikin inuwa, da fanka. Wa zai bar wannan ya je ya ƙone a rana don yaran da bai san gidansu ba? Kuɗin suna nan a aljihunsu yadda Kamil ya lissafa. A aljihun kuma suka tsaya.

Kafin tsakiyar kaka, 'yan Walƙiya na buga wasan gida suna jin amon muryar kocinsu tana dawowa daga kujeru. In baƙi sun zo da motar magoya baya guda, sai filin ya zama nasu. Yaran da suka saba in ƙafarsu ta mutu su ji muryar Mutala ta tashe ta, yanzu lasifika ce ke musu tallar lemo. Ƙungiya ta yi ta gangarowa har ta kai gindin teburi.

Wani mutumin kamfanin lemon ya kira Kamil ya ce masa in aka faɗa rukuni na biyu, su sun fita. Kamil ya san me hakan ke nufi. Ba inda zai ajiye 'yan wasa, ba abin da zai ciyar da su. Ga kuma wani ɗan kasuwa daga bakin teku da ya fara zarya, yana son ya sayi ƙungiyar, ya sauya mata suna, ya kai ta garinsu. Ya ce ko ta faɗi yana so. Wato dai abin da Alhaji Issaka ya kashe rayuwarsa yana ginawa zai bar Zango, har da sunan.

Ido ya raina fata. Kamil ya nemi izinin kamfanin ya dawo da sauran wasannin gida Kumasi. Sai kuma ya sake yin abin da ya iya: ya biya sanarwa a rediyo, ya buga fasta, ya ce shiga kyauta ne, kuma duk wanda ya zo za a ba shi riga.

Ranar wasa ba wanda ya zo sai 'yan tsirarun masu neman riga, su ma suna karɓa suka juya. Aka sake cin Walƙiya.

Washegari da safe ya tsaya gaban teburin Hajiya Barkisu, a cikin layin masu sayen waakye.

Ya ce, "Mma Barkisu, ba ku ji sanarwa ba ne? Kyauta ne fa, har da riga."

Ba ta ɗago daga tukunyar ba. Ta ce, "Na ji. Ka gan ni tsirara ne?"

Masu layi suka fara tari.

Ta ce, "Da can da muke satar shiga, wannan tsakaninmu da ubanka ne, wasa ne na cikin gida. Ya sani, mun san ya sani. Yanzu kai ka wangale ƙofa kana kiranmu ta rediyo kamar mai tallar maganin basir. Mu 'yan kallo ne da za a tara da lasifika?" Ta juya ga 'yarta. "Fadilatu, sa masa ƙwai da taliya. Kada a ce na hana marayan Alhaji abinci."

Kamil ya karɓi ledarsa ya wuce.

A gida ya tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Mamuna, tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ya zube a gefenta ya faɗa mata duk abin da ke tafe, har da maganar mai saye. Saura wasa ɗaya. In ba su ci ba, shi ke nan.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Ka je gaisuwar Rahamatu?"

"Mma, na buga waya. Na kuma sa a shafinmu."

"Na ce ka je?"

Ya kau da kai.

Ta ce, "Matar nan ta mutu tun kafin azumi. An yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, ban ga takalminka a ƙofar gidan ba. Ni nake zuwa ina zama da kunyarka. Na bar ka ne in ga ko karatun zai nuna maka hanyar gidan, ashe ba ya cikin taswirar."

"To me zan yi?"

"Gobe da hantsi ka je ka ɗauki Malam Seini, aminin ubanka. Ka riƙe goro a hannunka, kada ka ba wani ya riƙe maka. Ka tuɓe takalmi tun daga zaure. Ka zauna a ƙasa. Kuma in ka kuskura ka ambaci ƙwallo a gidan nan, ni da kai ne."

"Amma Mma, wasan ya matso. In ban faɗa masa ba..."

Ta ajiye faifan ta dube shi. "Wato gaisuwar ma talla ce?"

Ya tashi ya tafi neman goro.

Washegari suka je. Mutala na tsakar gida da rigar aiki, yana wanke hannu da kananzir. Da ya ga Malam Seini sai ya miƙe da ladabi, da ya ga wanda ke bayansa sai ya tsaya cak. Aka shimfiɗa tabarma. Kamil bai hau ba, ya durƙusa a kan siminti, ya ajiye goron a gaban Mutala da hannu biyu.

Malam Seini ya yi addu'a, aka shafa.

Kamil ya ce, "Kawu, na zo gaisuwar Mma. Na makara, ba ni da hujja. Ta goya ni, ban raka ta ba, na kuma hana waɗanda suka so raka ta. Ka yafe mini."

Mutala ya daɗe yana kallon goron. Ya ce, "Ka san abin da ya fi ƙona ni? Ba motar ba ce. Malam Abdulwahab, ladanmu, da ƙafarsa mai ciwo, ya taka har kwanar asibiti ya kasa, ya zauna a bakin kwata yana kuka don ba zai ga an rufe ta ba. Tare suka taso. Wannan shi ne."

Kamil ya ce, "Daga nan wurinsa zan je."

Mutala ya gyara zama, ya ce, "To, sai me kuma?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Ba wata magana?"

Maganar na nan a bakin Kamil. Ƙungiyar ubansa na bakin rami, ga mutumin da zai iya cika fili da kira ɗaya a gabansa, yana ma buɗe masa ƙofa. Ya haɗiye.

Ya ce, "Babu. Gaisuwa na zo."

Mutala ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya miƙa wa Malam Seini ɓari, ya jefa ɗayan a baki. Ya ce, "Allah ya ba da lada. Na yafe."

Bai yi alkawarin komai ba. Kamil ma bai nema ba.

Daga nan ya je wurin ladan. Da ya fito sai ya tambayi Malam Seini su wa kuma aka rasa a cikin kakar nan. Ashe da yawa. Kwanakin da suka rage kafin wasan, waɗanda ya kamata a ce yana gidan rediyo, a zaurukan mutane ya ƙarar da su, daga tsohon Zango zuwa Moshi Zango har Asokore Mampong. Wasu 'yan wasan da suka ji labari suka riƙa binsa da kansu bayan atisaye. A wani gidan a karɓe su da fara'a, a wani a bar su tsaye a rana tukuna. Ko'ina ba a ambaci ƙwallo ba.

Ranar Lahadi ta zo. Wasan da la'asar ne. 'Yan wasa suka fito motsa jiki, suka ɗaga kai, kujeru fayau. Kamil na zaune kusa da mutumin kamfanin, ya riga ya sallama.

Sai aka jiyo ganga daga nesa.

Da farko kamar bugun zuciya. Sannan muryar Mutala ta hau kanta. Suka ɓullo ta kwanar titi, titin ya cika daga wannan kwata zuwa waccan, kore ko'ina, da jesin tela, da mayafan mata, da tsofaffi a kan babura. Masu tsaron ƙofa suka wangale musu, tunda shiga kyauta ne. Suka ƙi shiga. Hajiya Barkisu ta tsaya a gaba ta ce sai an kawo mai yankan tikiti.

Ta ce, "Yau ba mai cewa ƙaramar kasuwa. A yanka. Amma kada ku saba."

Kamil ya sauko da gudu, ya tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ciyaman, sannu da hidima."

Aka take wasa. Wallahi yaran nan sun buga kamar an sauya musu ƙafafu. Kafin hutun rabin lokaci suka jefa ɗaya a raga, filin ya girgiza. Aka dawo suka tsare gida da haƙori da farce. Kowa ya fara duba agogo.

Ana dab da tashi baƙin suka samu bugun kusurwa. Ƙwallo ta taso sama, golan Walƙiya, Taufiq, ya fito ya kama ta, ta suɓuce daga hannunsa, wani ya sa mata ƙafa. Ɗaya da ɗaya.

Alƙalin wasa ya hura. Walƙiya ta faɗa rukuni na biyu.

Na san wasu sun so in ce sun ci. Ba su ci ba. Ɓarnar kaka guda ba a ɗinke ta da yamma ɗaya, ko da Zango gaba ɗaya ce ta riƙe allurar.

Kamil ya waiga, kujerar mutumin kamfanin ba kowa. Tun kafin a hura ya zame. A cikin fili Taufiq ya kife a kan ciyawa ya rufe kai da safar hannu, sauran suka tsaya cirko-cirko suna jiran ruwan leda da duwatsu.

Sai Mutala ya ɗaga waƙa.

Ba ta murna ba ce. Wata tsohuwar waƙa ce da suke yi tun ƙungiyar na bayan masallaci, mai kiran sunan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da "namu ne". Ya fara da sunan Taufiq.

Mutane suka gangaro cikin fili. Aka ɗaga yaran daga ƙasa, aka kaɗe musu jiki, aka sa su a tsakiya. Da ƙafa aka rako su har Zango, da ganga, masu shaguna na leƙowa suna tambayar nawa aka ci. A ce musu an faɗi. Su tsaya suna kallon taron kamar sun ga mahaukata.

A gaban ofishin ƙungiyar aka tsaya. Kamil ya hau dakali. Ya ce, "Iyayena, na gode. Ban cancanci ko rabin wannan ba. Amma kada in ɓoye muku. Kamfani ya fita. Daga wata mai zuwa ba ni da inda zan kwantar da yaran nan, ba ni da abin ba su. Akwai mai son saye, kuma ina ganin..."

Mutala ya katse shi. "Sauko daga nan, kai ba liman ba ne."

Ya sauko.

Mutala ya ce, "Ka ɗauka yau muka fara faɗuwa? Da ubanka mun faɗi, mun tashi, mun sake faɗuwa, kana cikin zani. Wancan lokacin wa ya sayar? Maganar kwana ce da abinci?" Ya juya ga jama'a. "Ɗakin tsohuwa na nan a rufe tun da ta tafi. Mutum biyu za su shiga. Wa kuma ke da ɗaki?"

Hannuwa suka tashi. Wani mahauci ya ce shi ba shi da ɗaki amma nama na wuyansa. Wani tela ya ce jesin baɗi kada a je ko'ina, dama nasa ya fi na asalin ƙwari. Direbobin trotro suka fara gardamar wanda zai riƙa kai su wasannin waje. Aka shiga rabon 'yan wasa kamar ana rabon yara ranar yaye, wannan gidan ya ja wannan, wancan ya ce ai shi ya riga.

Taufiq ya rakuɓe a baya, ba ya son a gan shi. Hajiya Barkisu ta ratsa taron ta damƙi wuyan hannunsa, ta ɗaga shi sama tana jujjuyawa.

Ta ce, "Ku dubi hannu kamar tsinken tsire. Da wannan za a riƙe ƙwallo? Lemo suka yi ta ɗura masa a can. Wannan nawa ne, kada wanda ya taɓa. Ku ba ni shi zuwa sabuwar kaka, in ya sake sakin ƙwallo ku zo ku fasa mini tukunya."

Taufiq ya fashe da kuka, jama'a suka fashe da dariya.

A cikin hayaniyar wayar Kamil ta yi ƙara. Ɗan kasuwar bakin teku ne. Ya ce ya ji sakamako, yana jajantawa, yaushe za su zauna a ƙarasa magana?

Kamil ya dubi taron, ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Na yi kuskure tun farko da na saurare ka. Ashe ba tawa ba ce, balle in sayar. Masu ita ga su nan, in kana so in miƙa musu wayar."

Hajiya Barkisu ta miƙo hannu ta ce, "Kawo shi nan."

Mutumin ya kashe.

Darasi: Zumunta a ƙafa take, ba a shafi ba, ba a lasifika ba. Babbar kasuwa tana zuwa ne ranar da kake ci, kuma ba ta san hanyar gidan makoki ba. Waɗanda za su tsaya maka ranar da ka faɗi su ne waɗanda ka tsaya wa ranar da suka yi rashi, komai ƙanƙantar unguwarsu da aljihunsu. In kana da irin waɗannan mutanen, ka gode wa Allah, ka gode musu tun suna jinka, kuma in akwai gaisuwar da ka makara, tashi ka je yau, ba tare da ka haɗa ta da wata buƙata ba. Ku tura wannan ga duk wanda ya fara raina mutanen gidansu don ya hango taro a wani gari, ku kuma tura wa wanda ya taɓa tare ku lokacin da kuka faɗo.